Ranar da Malam Isufu Ya Buga Gado

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ta damina ba, a shekarata ta biyu a ɗakin tiyatar wata kilinik da ke wajen garin Akanda. A takarda ni ma'aikaciyar jinya ce. A aikace kuma, duk ranar da aka kawo mara lafiyar da Faransancinsa bai wuce na cinikin taksi ba, sai a ƙara mini muƙamin tafinta, muƙamin da har na bar wurin ban ga alamarsa a albashi ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, tsakanin kowane ƙashin baya da na ƙasa da shi akwai ɗan faifan guringuntsi mai laushi. Wani lokaci yakan kumbura ya danne jijiya, sai ciwo ya sauka daga ƙugu har yatsun ƙafa. Idan faifan bai fashe ba, akan yi aikin leza ba tare da an yanka mutum ba. Ana kashe fatar wurin, likita ya tura doguwar allura yana kallon hoto a allo, sannan ya zura zaren haske mai siririn gashi ta cikinta, ya ƙona ɗan kaɗan daga tsakiyar faifan don kumburin ya saki. Sai dai ba a sa mutum barci, kuma da gangan ne. Allo yana nuna ƙashi da allura, amma ba ya nuna zafi. Idan allura ta kusanci jijiya ko wurin ya yi ɗumi da yawa, mara lafiya ne kaɗai zai ji, shi ne kuma zai ce a dakata.

Mara lafiyarmu na ranar shi ne Malam Isufu, dattijo mutumin Nijar mazaunin unguwar Nzeng-Ayong, wanda ya tsufa yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar dakon katako. Tun a ganin farko na gane za a sha aiki. Dokta Ondo, likitan da zai yi masa aikin, ya ce in tambaye shi, daga sifili zuwa goma, nawa ciwon ya kai.

Malam Isufu ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Baba, lamba ake so."

Ya ce, "To, ki ce masa da sauƙi."

Lambobi goma sha ɗaya aka shimfiɗa masa, bai ga ko ɗaya da ta dace da mutuncinsa ba. Matarsa, Hajiya Rabi, ita ta ja ni gefe a baranda.

"'Yata, kar ki biye wa Malam. Wata huɗu ke nan goshinsa bai taɓa ƙasa ba. A kan kujerar roba yake salla. Masallacin Juma'a ma ya daina zuwa, wai kar a gan shi da kujera a bayan sahu. Ba ciwon ne ke cin sa ba, sujadar ce."

Ranar aikin muka kwantar da shi rub da ciki. Ni ina tsaye wajen kansa. Dokta ya fara tura allurar a hankali, yana tambaya, ina juyawa.

"Baba, kana jin wani abu a ƙafa?"

"Ba komai."

Na faɗa wa Dokta ya ce ba komai. Sau biyu na yi haka, kuma wannan shi ne kuskurena, don na juya maganar bakinsa daidai, kamar ɗalibar da ke neman maki, alhali na tashi a gidan da mahaifina zai iya taka ƙusa ya ce ƙaiƙayi ne. A tambaya ta uku idona ya sauka kan ƙafarsa ta hagu. Yatsun sun dunƙule, ƙafar tana rawa, zanin gadon da ke ƙarƙashin fuskarsa ya jiƙe da gumi. Na ce wa Dokta ya tsaya.

Dokta ya ja allurar baya kaɗan, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Madam Hadiza, ba zan kunna leza a bayan mutumin da ba zai gaya mini gaskiya ba. Zan iya lalata masa ƙafar. Ina ba ki minti biyar. In bai yiwu ba, mu rufe, ya koma gida."

Na san gidan da zai koma, da kujerar da ke jiransa. Na durƙusa har fuskata ta zo daidai da tasa.

"Baba, ka ji zafi."

Ya buɗe ido ɗaya. "'Yar nan, na aurar da kamarki uku. Yanzu in kwanta a gabanki ina raki?"

Na so in ce masa ba raki ba ne, amma na san an riga an gaya masa haka da harshe biyu. Sai na tuna da abin da aka rubuta a takardarsa wajen sana'a.

Na ce, "Baba, in za ka yi ribas da kamiyo cike da katako a ƙaramin lungu, kana ganin baya?"

"Ina fa. Sai wani ya tsaya maka."

"In ka kusa bango, me yake yi?"

"Ya buga jikin mota. Ɗaya, ka tsaya. Biyu, ka taho."

"In ya ji kunya bai buga ba fa?"

Ya ce, "Wannan ai mugu ne. Ya kashe direba da mota."

Na ce, "To, mutumin nan da ke bayanka ribas yake yi, kuma wallahi ba ya ganin bangon. Kai kaɗai kake ganinsa."

Sai ya ce, "Ikon Allah. Ai da tun farko kin ce mini bawan Allah ba ya gani." Ya zaro hannunsa na dama ya ɗora a ƙarfen gadon. "Ce masa ya taho."

Na yi wa Dokta bayanin tsarin. Ya ce a duk littattafan da ya karanta bai gamu da shi ba, amma ya karɓa. Allura ta sake shiga. Ƙwam! Dokta ya tsaya, ya gyara kusurwa. Ƙwam ƙwam! Ya ci gaba. Da aka zo kan leza, wadda ake kunnawa kaɗan kaɗan ana hutawa, sau uku Malam Isufu ya buga ɗaya, sau uku muka jira wurin ya huce. Kafin a gama ya karɓe ragamar ɗakin gaba ɗaya, yana cewa, "A hankali, direba. Yauwa. Ka iya." Dokta ya tambaye ni me yake faɗa, na ce masa Malam ya ba shi lasisin tuƙi ne.

Da aka gama, filasta ɗaya muka manna. Hajiya Rabi ta duba bayan ta ce, "Shi ke nan? Me zan nuna wa 'yan dubiya?" Muka ja masa kunne: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, kujerar nan kuma zai ƙara haƙuri da ita sai Dokta ya sallame shi. Wannan aikin ba kowa yake yi wa amfani ba, kuma sauƙin ba rana ɗaya yake zuwa ba, don haka ban yi masa alkawarin komai ba.

Bayan kamar wata biyu, wata Juma'a da yamma, aka ce ina da baƙo. Na fito na sami Malam Isufu tsaye da farar riga, ba sanda, Hajiya Rabi ta rako shi. A tsakiyar goshinsa akwai ɗan yashi. Mutum mai tsafta irinsa, ya hau taksi tun daga masallaci har Akanda bai share ba.

Na ce, "Baba, yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi." Sai ya waiga ya ga Hajiya Rabi ta yi nisa, ya rage murya. "Da asuba yana ɗan riƙewa nan. Biyu, a cikin goman nan taku."

Ku da kuka shigo aikin bayanmu, za ku gamu da irinsu da yawa. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba idan sun ce ba komai; haka aka rene su, su ɗauki nasu ciwon kar su ɗora wa wani. Kar ku ɓata lokaci kuna roƙon su su yi kuka. Ku dubi yatsun ƙafa, ku saurari wanda ya rako su, sannan ku nuna musu cewa likitan ne ke bukatar taimakonsu. Tun daga wannan Talatar, kafin in kwantar da kowane dattijo a gadon tiyata, sai na fara tambayarsa sana'ar da ya yi.