Kular Ajara a Marylebone

Duk Stratford an san Ajara mai girki. Daga zangon Kumasi ta zo London da goyo a baya, mijin ya rasu tun ba su gama sanin layukan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba, da tukunya ta raini 'yarta Safura har ta zama lauya. Suna ko biki, in ba wake da shinkafarta a wurin, mutane sai su ce ba a yi taro ba.

To, wannan Safurar ce ta ce ta yi booking a wani gidan abincin Faransawa a Marylebone, ranar Asabar da rana, domin uwarta ta gana da Hajiya Zarah, mahaifiyar Baha'uddeen da zai aure ta. Ajara ba ta da burin da ya wuce ta fita kunyar surukai, 'yarta ta yi alfahari da ita. Kuma wa ya taɓa zuwa gaban suruka hannu rabbana? Ta cika kula da wake da shinkafa, da shito, miyar barkonon nan ta Ghana, da soyayyen kifi, ta ɗaure da sabon ɗankwali.

Tun a ƙofa wani dogon bature mai baƙar kwat ya karɓe kular da yatsu biyu, kamar an miƙa masa tsumman goge-goge, ya kai ta ɗakin rataye riguna. Safura ta yi ƙasa da murya ta ce wa uwar da Turanci ai sai da ta hana ta kawowa.

Abincin kuwa, kai jama'a! Faranti kamar faifai, a tsakiya ɗan kifi bai kai loma biyu ba, an ɗiga masa miya kamar maganin ido. Cokula jere, Ajara ta rasa na ɗauka. Duk sanda ta buɗe baki za ta yi wa Hajiya hira, sai Safura ta taka mata ƙafa. Ran Ajara ya ɓaci, amma ta haɗiye.

Da za su fita, baturen ya dawo da kular, ya ɗaga ta a gaban mutane yana tambayar mai ita. Safura ta dubi ɗankwalin nan, wanda ita ta sayo shi, ta ce ba tasu ba ce.

Uwar da ta haife ki tana tsaye, ki ce ba taku ba ce!

Hajiya Zarah ce ta miƙa hannu. "Tawa ce," in ji ta. "Ni aka kawo wa."

Ta rungumi kular, ta yi wa Ajara godiya, ta ce dama yunwa take ji. Aure kam babu fashi, an ma sa rana.

A tube Safura ta yi ta surutu, wai komai ya tafi daidai. Ajara ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon taga har Stratford.