Inno Mai Gwajin Nono

A Kamarawa, rabin masu gemun da ke cika masallaci yau a hannun Inno suka faɗo duniya. Ungozoma ce, gadon kakarta, kuma ba ta da sauƙi ko kaɗan. Mai naƙuda in ta cika raki, Inno kan ce da ita ai ba ita ta aike ta ba. Duk jaririn da ta yanke wa cibiya sai ta lakato zuma ta shafa masa a ganɗa, don bakinsa ya buɗe da zaƙi. In kuwa yaro ya ƙi mama, ita ake kira ta gwada nonon. A tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, an gama da uwar, sai a janye yaro. Ba wanda ya taɓa tambayar Inno ko tururuwa ta iya iyo.

Haihuwa ta yi ta da yawa, amma ɗa ɗaya ya tsaya mata, Lauwali. Shi ma 'yan bindiga suka same shi a gonarsa ta gero suka harbe shi, ya bar matarsa Mas'uda, 'yar Gatawa, da tsohon ciki. Inno ta karɓi haihuwar da hannunta, namiji, aka sa masa Mubashshir. Ita dai "maigida" take ce masa, kuma ta ɗora duk ranta a kansa, don shi kaɗai ya rage mata a duniya. Zumar da sauran jarirai ke samu sau ɗaya, shi kullum safiya sai an lasa masa, mai kyau, wadda Labbo Bafulatani ke kawowa daga amyarsa.

Yana cikin wata na biyu ya daina kashi. Daga nan tsotsonsa ya yi sanyi, ya kama mama ya saki. Kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa, idanu suka rufe rabi, wuya ya saki. Inno ta ɗauko ludayi. Tururuwa ta yi 'yan zagayenta a cikin nonon Mas'uda ta miƙe, ta mutu.

"Na hwaɗi!" in ji Inno a gaban matan gida. "Nonon ga dahi na. Ba ki ƙara ba shi."

Mas'uda ta yi kuka, ta yi magiya, ba wanda ya saurare ta. Inno ta ɗauke yaro zuwa ɗakinta tana ɗura masa ruwan zuma da cokali, uwar tana can ƙirji ya cika ya yi tauri, rigarta tana jiƙewa. Sai da numfashinsa ya fara sarƙewa aka nufi asibitin garin Isa da shi, daga can aka ce su wuce Sakkwato.

Likitar yaran, wata mai suna Mardiyya, ta ɗaga hannun jaririn ta saki, ya faɗi yaraf. Ta tambayi abin da ake ba shi. Inno ta zaro kwalbar zuma daga jakarta, har da 'yar taƙama. Fuskar likita ta canza. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama cikin ƙasa da ƙura, takan shiga zuma. Babba ya sha ba abin da zai same shi, amma a hanjin jariri sai ta tsiro ta zuba dafin da ke kashe jijiya. Ƙwayar iri-iri ce, kowane iri da dafinsa da makarinsa, don haka dole a kai kashin yaron da zumar ɗakin gwaji a gano wace ce. Inno ta dage sai an haɗa da nonon, likita ta ce to. Inno ta tambayi yadda suke gwajin, aka ce da na'ura ake neman irin ƙwayar, dafin kuma akan yi wa ɓera allura da shi a gani.

"Ashe ku ma ɓera kuka kashewa," in ji Inno. "Mi ar raba ku da tururuwata?"

Mubashshir bai jira sakamako ba. Ya cika da hantsi, a kan cinyar kakarsa, don ko a nan ba ta bar uwar ta riƙe shi ba.

Bayan sun koma Kamarawa, har an ɗauke tabarmin gaisuwa, wayar Lauwali da Inno ke ajiye da ita ta yi ƙara. Likita Mardiyya ce. Ta ce an samu dafin a kashin yaron, an samu ƙwayar a cikin zuma, iri ɗaya sak.

"Nonon fa?" in ji Inno.

"Lafiyarsa lau, Inna. Da an bar masa shi ma da ya fi. Don Allah ki gaya wa uwar, kuma kada a ƙara ba jariri zuma."

Inno ta zauna a bakin gado. Ta gane sarai, ba ta da wauta. Baƙin ciki ya kama ta, tsoro ya biyo baya. Ta tuno wasu jariran da suka saki wuya haka a hannunta, da uwayen da ta sa garin nan ya riƙa nunawa da baki. In maganar nan ta fita, ba ma aikin ungozoma ba, ko gaisuwa ba za ta ƙara samu a Kamarawa ba.

Matan gida sun ji tana waya, suka taru a ƙofar ɗaki. Cikinsu har da uwar Abbas, saurayin da ya fara aiko da maganar auren Mas'uda.

"Mi sunka ce, Inno?"

"Abin da nic ce," in ji ta. "Nonon uwatai na."

Uwar Abbas ta gyara mayafi ta fita, ko sallama ba ta yi ba. Mas'uda ta taso daga gindin turmi, ƙirjinta ɗaure tamau da zane, ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, ki gafarce ni. Ni nik kashe maki shi."

Inno ta dubi yarinyar, ta dubi matan da ke jira.

"Tashi," ta ce. "Na yahe maki."