Ludayi Ɗaya

Duk damina sai mura ta kayar da ni, kuma don mugunta ba ta zuwa sai makon da ake zaɓen 'yan tsere. Sau biyu majina tana hana ni gurbi a ƙungiyar gudu ta 'yan dakon sito a Idu. Mutum uku ake ɗauka, ni kuwa shekaru sun fara ja, na san in ya wuce ni bana, shi ke nan.

Kocinmu, wani dattijo ɗan Filato, ya ba ni gwangwanin gari mai ƙamshin lemo, ya ce bitamin ne na ƙarfafa garkuwar jiki.

"Ludayi ɗaya kowane safe," in ji shi. "Ɗaya kawai. Wannan mura ba zai sake kama ka ba."

Na ce, "An gama, oga."

Ni dai ludayi ɗaya na sani a duniya, na shan fura, wanda na sayo a kasuwar Karshi. Shi na riƙa cikawa maƙil ina damawa a kwano. Tsami har ƙwaƙwalwa, amma kwana uku ko atishawa ban yi ba. Murna ta sa ina yawo a unguwar Durumi ina gaida mutanen da ban sani ba. Cikina yana ta ƙugi, na ce ai ƙarfi ne ke shiga.

Ranar tsere, ana busa usur cikin ya amsa. Bayan gida ɗaya ne a filin, yana can gaba da layin ƙarshe. A zagayen ƙarshe ban ga kowa ba, ƙofar bayan gidan nan ta langa-langa kawai nake hange. Na wuce mutum huɗu, na wuce layi, na wuce koci da ya ware hannu zai rungume ni.

Ta bayan ƙofa ya shaida mini na zo na biyu. A tsugune na yi dariya har da hawaye, daɗi kamar ya kashe ni.

Da la'asar na kai masa gwangwanin, saura kaɗan a gindi. Ya zura yatsa cikin garin ya tono wani ɗan ludayin roba da bai fi murfin kwalba ba. Ya dube shi, ya dube ni.

"Na wata uku ne fa na ba ka."

Ya miƙo mini rigar ƙungiya, ya ɗora ɗan ludayin a kai.