Ƙashin Bayan Wuƙar Agali

Daga Dakoro zuwa Kornaka

Na bar rijiyar Dakoro ranar Lahadi, zakara bai yi cara ta biyu ba, lokacin manoma na cikin maimai. Jakina ɗaya, a kansa hauyoyi takwas da gatura biyu, duk ƙirar hannuna, sai salkar ruwa da ƴar jakar gumba. Abin da ya fitar da ni kuwa yana cikin aljihun taguwata, tsawonsa bai kai tafin hannu ba.

Ni ne Bawa maƙeri, kuma bakina ne ya jawo mini tafiyar nan. Da farkon damina Agali ya shigo maƙerata. Buzu ne mai raƙuma da yawa, abokin wasana tun muna samari, don kowa ya san abin da ke tsakanin Buzu da maƙeri. Ya fito da wata wuƙa da ya gada wurin ubansa, ƙirar bayan teku, mai ƙotar ƙaho. Kaifinta naɗewa yake ya shige cikin ƙota, babu ruwanta da kube. Akwai wani siririn ƙarfe a gadon bayanta da ke riƙe kaifin in an buɗe, ni ƙashin baya nake ce masa. Shi ne ya karye, kaifin sai lilo yake.

Maƙera cike da mutane, Agali ya ce, "Ba don ka gyara na kawo ba, Bawa. Don ka ga abin da maƙeran ƙwarai ka yi ne, ku da kunka tsaya ga hauya."

Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na dafa uwar maƙera na rantse: in Buzaye suka dawo daga arewa da kaka ba su tarar da wuƙar nan tana buɗewa tana rufewa da ƙarfen da na ƙera da hannuna ba, na aje masaba har abada. Dariya ta tsaya cak. A wurinmu wanda ya dafa uwar maƙera ya yi magana, ba ya janyewa. Buzaye suka yi arewa da dabbobinsu, ni kuma na ƙera ƙashin bayan nan har sau uku. Biyu suka karye kamar tsinke, ɗaya ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Shi ke nan na ɗaura wa jaki kaya, na nufi Damagaram, inda na ji ana sauke kayan bayan teku.

Kwana biyu na yi kafin Kornaka. Na sauka gidan ƙanen babana, shi ma maƙeri. Da aka ci tuwo da miyar tafasa na nuna masa wuƙar. Ya jujjuya ta, ya kai ta kusa da idonsa mai kyau, ya miƙo mini.

"Ɗana, mi ya kai ka rantsuwa bisa aikin aljannu?"

"Baba, hannu ne ya yi ta. Ga sawun magagari nan."

"To, baki shi ka yanka wuya. Allah shi kiyaye hanya."

Sabon Maci, Mayahi, Tasawa

Daga Kornaka zuwa Sabon Maci yini guda ne, na isa rana na faɗuwa. Washegari ruwa ya tsare ni har azahar, na zauna a zauren mai masaukina ina gyara masa bakin galma, matarsa ta biya ni da kwaɗon rama da fura. Kafin Mayahi na tarar da Gulbin Kaba ya kawo. Jakina ya dubi ruwa, ya dube ni, ya kafe ƙafafu. Sai da wasu Fulani biyu suka tura shi ta baya ina ja ta gaba. Na ɗaure wuƙar cikin hulata, na ce ko ni zan nutse, ita ta fita a bushe.

A Tasawa na kwana uku ina jiran fatake, don hanyar gabas ba ta mutum ɗaya ba ce. A ƙofar gari na ba da hauya ɗaya, madugu kuma ya karɓi gatari ya sa ni cikin ayarinsa. Zango biyar muka yi, kullum mu tashi da asuba mu sauka rana tsaka. Ban yi hira da kowa sosai ba. Ina tafe ina kallon gero yana fitar da kai a gonakin mutane, gabana na faɗuwa, don gero in ya nuna Buzaye sun juyo.

Damagaram

Mun shiga Damagaram ranar Alhamis da hantsi. Ban ko sha ruwa ba na tambayi rumfar Larabawan Turabulus. Na sami wani farin dattijo zaune kan kilishi, gabansa faifai cike da wuƙaƙe masu naɗewa, sai walƙiya suke. Na ce a raina, ashe abin da Agali ke yi mini taƙama da shi, a nan tsibi ake yi. Na ba da hauya biyu na ɗauki ɗaya, ina ganin na yi wayo. Sannan na fito da ta Agali don in gwada tsawonsu.

Balaraben ya miƙo hannu. Ya buɗe ta, ya ɗora kaifin a farcensa, ya ƙyasta ta da yatsa ya kai kunne. Ya ce in bar masa ita haka a karye, in kwashi goma daga faifai.

Na ce, "Goma sababbi a kan karyayya guda?"

Ya yi murmushi, ya jawo wani ƙunshin alharini daga ƙarƙashin cinyarsa, ya kwance. Wuƙa biyu ne ciki irin ta Agali sak. Ya ce waɗannan sai da bijimi. Na faifai kuwa, can ma inda ake yin su don a kai nesa ake yi, inda mai saye ba zai dawo da ƙara ba. Na karɓi amanata na mayar aljihu. Shi ne ya kwatanta mini maƙerar wani tsoho, Baba Ari, mai gyaran kunamar bindiga a bayan kasuwa.

Baba Ari ɗan ƙaramin mutum ne, gemunsa duk wuta ta lashe gefe guda. Na gaishe shi gaisuwar maƙera, na faɗi sunan ubana da kakana. Bai nuna ya taɓa jin su ba, abin ya sosa mini rai. Ya karɓi sabuwar wuƙar da na saya, ya fitar da ƙusoshinta, ya danna ƙashin bayanta da babban yatsa. Ƙarfen ya lanƙwashe ya zauna haka.

"Ka gani? Bayan teku ma akwai ragwaye. Araha ba ta ado."

Da ya buɗe ta Agali kuwa, sai ya leƙa cikinta. Ya nuna mini yadda aka goge cikin ƙotar sumul, wurin da ido ba ya kaiwa. Ya ce wanda ya yi wannan ya san ba mai gani, amma ya goge. Wallahi na ji kunya, don ni ban taɓa goge cikin kwarmin gatari ba.

Ya ce in kawo ya ƙera mini, kafin la'asar an gama. Na gaya masa rantsuwata.

"To sai ka zauna ga zuga-zugi."

Ni da furfura a gemu, mai maƙerar kaina shekara ashirin da wani abu! Na haɗiye, na naɗe hannun riga na zauna. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kwana tara ina zuga, ina kallo, yana yi mini tsawa in wuta ta yi yawa.

Kuskurena biyu ne. Na farko, ƙarfen tama da muke yin hauya da shi ba ya komawa in an danna shi. Sai ƙarfen takobi, irin wanda shi ma daga bayan teku yake zuwa. Na biyu, ni ruwa nake tsoma aiki kamar yadda ubana ya koya mini, shi ya sa yake karyewa. Baba Ari a narkakken man shanu yake tsomawa. Sannan ya shafe ƙarfen da kitse, ya riƙe shi bisa garwashi har kitsen ya kama da wuta ya cinye da kansa. Sau uku yake yin haka, kuma ba ya hura wutar, ba ya magana. Na ba shi sauran hauyoyina da gatarin da ya rage, ya ba ni guntun karyayyen takobi, tsawon yatsa biyu.

Da zan tafi ya ce, "Sau biyu zai ishe ka. In ka ɓata duka, kada ka ce ka san ni."

Komowa

Na juyo da wani ayarin gishiri ta hanyar da na bi. Jakina babu kaya, har gudu yake. Gulbi ya janye, muka ratsa ruwa iya gwiwa. A Sabon Maci aka gasa mini tumu, na ci ina jin daɗinsa ina jin tsoronsa. Na shiga Dakoro da azahar ranar Talata, wata ɗaya da kwana shida da fitata. Matata Hajo ta ce an ga Buzayen da suka fara komowa a wajen Korahane.

Ban huta ba. Da safe na hura gawayin ƙirya, na raba guntun takobin biyu. Na farko na yi masa gaggawa wurin ƙona kitse, ina dannawa ya ce ƙas. Na tashi na yi alwala, na zauna a inuwa na huta. Na biyun na bi shi a hankali. Da na ɗaura shi na buɗe wuƙar, na rufe, na sake buɗewa, sai na kulle ta cikin jaka ban gaya wa kowa ba, har Hajo.

Kwana huɗu bayan haka Agali ya zo, shi kaɗai, da sassafe, ta bayan maƙera. Ya rame, kuma babu wasa a bakinsa. Ya tsuguna kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Bawa, ba ni ita a ɓoye. In tahi bakin rijiya in ce ta gyaru, ba mai cewa in buɗe shi gani. Duk daminar ga ban yi kwana mai daɗi ba. Wasa ni kai, ban so bakina shi raba ka da masaba."

Shekara talatin mutumin nan yana zagina, ban san haka yake riƙe da ni ba. Amma na daure fuska.

"Tashi, Buzu. Gaban mutane na rantse, gaban mutane za ka karɓa."

Da hantsi bakin rijiya ya cika, masu ja na ja, raƙuma na kuka. Na miƙa masa wuƙar. Ya kasa kama kaifin sai a karo na biyu. Ya ja. Ta buɗe ta ce ƙyat, ta tsaya ƙyam. Ya danna ta da ƙarfi a kan gungumen rijiya, ba ta motsa ba. Ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Sai ya ja rawaninsa sama har ya rufe idanu, ya daɗe haka, mutane na ta kabbara.

Da ya sauke rawanin, idonsa ja, ya ce, "Kwana nawa ka yi bisa ɗan ƙarfen ga? Maƙeri dai rago ne."

Na ce, "Kawo raƙumi ka biya, matsiyaci."

Akuya ya kawo, mai ciki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni, na gode wa Baba Ari, da duk wanda ya ba ni ruwa a hanya. Da la'asar ɗin ranar wata tsohuwa ta kawo lauje da ya dakushe, na ɗauki masabata na hau aiki.