Ranar da Inna Dije ta kira sunan ɗan farinta

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana Inna Dije daga Adabka ba, a kan babur, an matse ta tsakanin ɗan acaɓa da ɗanta. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya a wani asibitin karkara a Bukkuyum, ƙarƙashin babbar nas ɗinmu da muke kira Sista.

Aikina shi ne in fara jin koken majinyaci kafin Sista ta duba. Na tambayi ɗan nata, Malam Sani, dattijo da furfurarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Sunana take kira. Gatsau, gaban jama'a."

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba: shi ne ɗan fari, kuma tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, saboda kunya. A gida an riga an yanke cewa haukan tsufa ne, za a kulle ta a ɗaki.

Sista ta ɗage zanen tsohuwar. Subhanallahi! Gyambo ne a ƙauri, an lulluɓe shi da ganye, ƙafar ta kumbura suntum, jiki zafi rau.

"Malam, kumburin da ya daɗe ba ya tsayawa wuri ɗaya," in ji Sista. "Yana bin jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa, balle ta tsoho. Ban yi maka alkawari ba, amma kada a kulle ta tukuna."

Muka shiga wankin gyambon da allura kullum. Inna tana zagina, ina dariya. Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ta fara sacewa.

Wata safiya Malam Sani ya shigo da fura. Ni da tsokana, na ce, "Inna, wane ne wannan? Faɗa mini sunansa."

Ta juya fuska bango. "Ke ɗiyar ga, mi ya same ki? Ba ki da kunya?"

Dattijon nan ya ajiye kwano, yana dariya hawaye na bin gemunsa. "Alhamdulillahi, Inna ta dawo!"

Mantuwar tsufa ba ta bar ta gaba ɗaya ba, amma ba a kulle ta ba. Tun daga ranar, in an kawo tsoho an ce ya ruɗe, sai na duba ƙafa, baki da fitsari kafin in yarda. Kuma ban sake ganin mutum ya yi murna haka don uwarsa ta ƙi kallonsa ba.