Efo Sedzro da dashen atra

Efo Sedzro mijin ƙanwata Mawuena ne. Shekara arba'in yana fita teku da kwalekwalensa daga garinmu Anyanui, bai taɓa yarda ya tsoma ƙafa a laka ba. Laka, in ji shi, ta mata ce da ƙaguwa. Har toshe hanci yake yi wa kifin tafki, mutumin da kyanwoyin unguwa ke rakawa gida.

Da kifi ya ja baya, mutanensa tara masu ja masa taru suka zama huɗu. Ya zagi manyan jiragen da ke kwashe teku, kuma da gaskiyarsa. Ya zagi madatsar ruwan da ta hana kogi cika. Masu albasa da takinsu na buhu ma sun sha nasu. Abin da bai zaga ba shi ne murhun bandar matarsa, wanda ni da ita muke ciyarwa da itacen atra, bishiyar da ke tsirowa cikin lakar bakin tafki, tun muna 'yan mata.

Na ce, "Efo, kifin tekun naka a ina ya yi ƙuruciya? A saiwar atra yake ɓuya, yana cin ruɓaɓɓen ganye. Mun sare masa ɗaki mun gasa uwarsa da shi."

Ya ce, "Daavi, bakin nan ne ya kori mazanki biyu."

"Uku. Haka kake ƙirga kifin ma?"

Sai huɗun suka ce in damina ta wuce a haka, birnin Tema za su tafi dako. Taru kuwa ba ya jawuwa ga mutum ɗaya. Washegari Efo ya cika kwando da 'ya'yan atra, dogaye kamar kyandir, ya zagaya ta bayan coci don kar mu gan shi. Ɗari uku ya dasa a laka, bai tambayi kowa yadda ake yi ba. Ya tambayi mace? Allah ya sawwaƙe!

Da ruwa ya janye muka je kamun ƙaguwa, muka tarar da dashensa a jere, kowanne kai a laka, gindi a sama. Mawuena ta zauna dirshan tana riƙe ciki don dariya.

Na kira shi. "Efo, a gajimare za su yi saiwa?"

"Ai siririn wajen ne ke shiga, kamar allura."

"To tela, tuɓe zane ka shigo."

Yana tsugune yana juya su ɗaya bayan ɗaya, ni ina kansa da sanda, sai ga mutanensa. Suka yi dariya har ɗaya ya faɗi, sannan suka naɗe wando suka shigo. Wai ba za su bar maigidansu a hannuna ba.

Ɗaya dai ya tafi Tema, uku suka zauna, kwalekwale yana fita. Kifi bai dawo kamar da ba, amma atra ta kai ƙugu. Mu ma mun rage sara, muna haɗawa da ɓawon kwakwa. Yanzu ƙorafinsa wai bandar ta canja ɗanɗano, ya kuma miƙo kwano a ƙara.