Ƙodata ta tsaya, ƙudurina yana jira a majalisa

Assalamu alaikum. Tun ƙarshen damina ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun ce kujera ta sa na manta da mutane. Ba haka ba ne, jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan manomin shinkafa ne daga fadamar Haɗeja. Na daɗe ina koyarwa a Islamiyya kafin jama'ata su tura ni majalisar jiha. Abokan aiki suna ce mini ɗan gargajiya, ban taɓa musu ba. Ba na son gwamnati ta ci bashin da jikokinmu za su biya, ina son tarbiyya a makarantu. Amma babban abin da ya kai ni majalisa ƙuduri ɗaya ne: kada a karɓe gonar gado a fadama a ba kamfani sai da yardar masu ita.

Ana dab da karatu na biyu na ƙudurin, sai ruwa ya fasa jinga a mazaɓata. Na yini cikin ruwa muna jera buhunan ƙasa. Na dawo da zazzaɓi da amai, na yi ta haɗiyar ƙwayoyin kemis.

Sai fitsari ya ɗauke. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Maiɗakina, Hajiya Falmata, ta ɓoye makullin mota. "Malam, yau ba Dutse za ka ba. Asibiti."

Aka ɗebi jini, aka tura mu Kano. Likita ta dubi sakamakon ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙodarka ta tsaya. Sai an yi wankin ƙoda."

Na ce, "Ina da zama a majalisa ranar Talata."

Ta ce, "Idan ka fita daga nan, ba lallai ka ga Talatar ba."

Aka sa mini bututu a wuya. Na kwanta ina kallon jinina yana shiga na'ura yana dawowa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma rashin sukuni ya fi tsoron cina. Ina kwance, raina yana zauren majalisa. In tashi zaune, in koma, in nemi wayata, Hajiya ta hana. Da na ji an ɗage ƙudurin saboda ba na nan, kuka na yi.

A gadon kusa da ni akwai Malam Bukar, masunci daga wajen Miga. Shi tasa ƙodar ta daɗe da lalacewa bai sani ba. Kuɗin wanki mai nauyi ne, ko ni na ji a jikina. Shi gonarsa ya sayar. Ya ce mini, "Honarabul, kana ta faɗan kada a ƙwace mana gona. Ni ba wanda ya ƙwace tawa, ciwo ne ya cinye."



Ni Allah ya sa tawa ta farfaɗo. Ranar da fitsari ya dawo, Hajiya ta yi sujada a tsakar ɗakin. Aka cire bututun, na koma majalisa da sanda, na gabatar da ƙudurin. Ya tsallake, yanzu yana gaban kwamiti.

Malam Bukar bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Saboda shi nake neman a kai gwajin ƙoda ƙananan asibitocinmu na karkara.

Na gode wa Allah, da likitoci da nas-nas, da Hajiya, da duk wanda ya yi mini addu'a.

'Yan'uwa, ku daina shan maganin ciwon jiki barkatai. Ku riƙa auna hawan jini da suga. Idan ƙafa ta kumbura ko fitsari ya ragu, ku ajiye komai ku tafi asibiti a ranar. Kada ku ce sai an gama yankan shinkafa.